Buhun garin da ya yi ja a kasuwar Shinkafi

Ku da kuka taso kuka iske ni da farin gemu, kuna jin ana cewa ubanku ba ya tauye mudu, akwai abin da ban taɓa gaya muku ba game da Matiyu direba. Manyan cikinku sun san shi, shi ne kuke ce wa Baba Matiyu, mai kawo muku rake daga Zariya. Ƙananan kuwa sunansa kawai suka ji, tare da maganar da gari ya liƙa masa, wai shi ne Kiristan da ya ci amanata ya yi safarar giya cikin motata. Wannan magana ƙarya ce, kuma daga bakina ta fito.

Na fara neman abinci da tallar gishiri a tashar jirgin Ƙaura. Daga faifai na koma tebur, daga tebur na kama shago, har Allah ya ba ni babbar mota ɗaya mai kawo mini gishiri da sukari da garin kwaki daga kudu, ta koma da gero da dawa da wake. Matiyu ne ya fara riƙe ta. Ɗan kudancin Kaduna ne, ubansa ma'aikacin jirgin ƙasa, a Ƙaura aka yi masa kaciya. Ban taɓa ganin hannun tuƙi kamar nasa ba, amma burkutu ta kama shi tun yana saurayi. Sau biyu ina korarsa ina mayar da shi. Na ukun, wata damina ya zuba mini mota cikin rafi kusa da Banga, cike da gishiri, muna tsaye muna kallon kayan suna narkewa. Na karɓi makulli. Bayan sati uku sai ga shi ƙofar shago tare da Fada, limamin cocin Katolika na nan Ƙaura, wani dattijo ɗan Filato mai Hausa kamar a nan aka haife shi. Fada ya ce Matiyu ya durƙusa a coci gaban mutane ya ɗauki alkawari ba zai ƙara kai giya bakinsa ba har ya mutu, kuma shi zai tsaya masa. Na mayar masa da makulli don na rasa direba, ba don na yarda ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi bai karya ba.

Wata rana muna hanyar Zurmi na tsokane shi. Na ce ai na ji ku Katolika ba a hana ku sha ba, kai me ya sa ka takura wa kanka?

"Maigida, ba a hana mu ba," in ji shi. "Maye aka hana. Wani zai sha kofi ɗaya ya tashi ya tafi gida. Ni in na sha kofi ɗaya sai na ga gindin tulu. To ni na hana kaina, kuma Allah na ji."

Saboda wannan ne Fada ya ba shi wani aiki. Sau biyu a shekara ake aiko wa cocin kwali guda na ruwan inabin da suke ibada da shi, a ajiye a Gusau, Matiyu ya ɗauko. A kujerar gaba yake ɗora shi, da takardar Fada a kai. Na sani sarai, ban taɓa hanawa ba. Fada maƙwabcin arziki ne. Ranar da haihuwar ɗan'uwanku Sani ta zo wa uwarku da gardama, motarsa ce ta kai ta Gusau, shi da kansa ya tuƙa.

Sai aka ƙaddamar da Shari'a. Kada wani ya gaya muku ubanku bai so ta ba. Na je Gusau ranar, na tsaya cikin rana har na rasa takalmi ɗaya, na yi kabbara har muryata ta dushe. Na ga abin da gidajen giyar bayan tasha suka yi wa 'ya'yan mutane, ranar da aka rufe su na yi murna. Abin da ban lissafa ba shi ne kwalin nan. An ce Musulmin da aka kama da giya, ko sha ko ɗauka, bulala ce a bainar jama'a. Samari masu sa ido suka cika hanya, suna hawa mota suna buɗe kaya. Ni kuwa a lokacin ne aka fara zaunar da ni gaba a taron 'yan kasuwa.

Na sami Fada a gidansa da hantsi, yana ba kajinsa dusa. Na ce masa zamani ya canza, ya nemi dabara. Ga zoɓo nan ja wur, ga lemon inabi na kwalba da ba ya sa maye, wa zai bambance cikin ɗan kofin da ba ya cika cokali uku?

Ya yi dariya, sannan ya daina.

"Alhaji, in aka ce ka yi layya da kaza saboda rago ya yi tsada, za ka yi?"

Na ce wannan daban.

"A wurinmu ɗaya ne. Ruwan inabi na gaske Almasihu ya ɗauka, shi muke ɗauka. Ba kai ka fara kawo wannan shawara ba. Tun farkon addininmu aka yi wasu masu tsananin gudun duniya, suka ce giya ƙazanta ce, ruwa zalla za su riƙa zubawa a kofin. Magabatanmu suka ce a'a, abin da Allah ya halitta ba shi ne mugu ba. Amma kada ka ɗauka sun saki mutane. Maye babban zunubi ne a wurinmu, wanda ya sha har hankalinsa ya gushe sai ya zo ya furta ya tuba kafin ya matso gaban bagade, wato teburin ibadarmu. Fada ma in ya zama mashayi, dakatar da shi ake yi. Turawan da suka koyar da mu sun zo daga ƙasar da giya ta cinye gidaje, su suka kawo mana alkawarin nan da Matiyu ya ɗauka. Ni kaina ba na sha, ban da ɗigon da ke cikin kofin. Amma in babu ɗigon nan, babu ibadar. Mutanena za su zo ranar Lahadi su tarar da tebur kawai."

Ya ce hukuma ta tabbatar musu dokar ba ta shafi ibadarsu ba, zai rubuta sabuwar takarda da lambar mota da sunan mai ita, kowa ya tsayar a nuna masa. Ya ƙara da cewa in ina jin tsoro in faɗa, ba zai riƙe ni a zuci ba, zai nemi wata hanya.

Nan ne na yi kuskuren farko. Da na ce ina jin tsoro, da an wuce wurin. Amma ni mutum ne da ya saba ganin ƙofa inda wasu ke ganin bango, kuma kunya ta hana ni ce wa mutumin da ya ceci uwarku ba zan iya ba. Sunana a takardar giya kuma ban yarda ba. Na ce masa ya bar takarda, ya bar mini sauran.

Da na faɗa wa uwarku dabarar, tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Alhaji, ko ka ɗauka a hili, ko ka bari. Wanga wayo naka ban son shi."

Na ce mata harkar kasuwa ce, ba ta mata ba.

Dabarar ita ce a fitar da kwalaben daga kwali, a binne su tsakiyar buhun garin kwaki, a ɗinke bakin da shuɗin zare don a gane shi. Masu sa ido kwali suke nema, ba mai zazzage buhu ɗari. Matiyu bai so ba.

"Maigida, kayan ibada ne, ba na sata ba. Shekara nawa ina ɗora shi a gaba? Abin da aka ɓoye, in aka gan shi, me zan ce?"

"Ba za a gani ba," na ce. "Motar wa ce?"

Ya ce tawa ce. Ya je ya yi yadda na ce.

Motar ta iso Ƙaura ranar Alhamis da safe, ranar kasuwar Shinkafi, ta makara. Na tare ta a bakin titi na hau. Matiyu ya sa sigina zai karya hanyar coci ya sauke buhun, sai na hango mutane zaune gindin itacen bedi a daidai kwanar, cikinsu har da liman na unguwarmu. A raina na ga motata tsaye ƙofar coci da rana tsaka ana sauke buhu ɗaya, na ga tambayoyin da za su biyo. Na ce ya miƙe, ma sauke a dawowa. Kuskure na biyu ke nan.

A Shinkafi muka tarar kasuwa ta cika. Taya ɗaya ta yi sanyi, Matiyu ya tafi kiran mai faci, ya ce mini in kula da mai shuɗin zaren. Na ce to. Sai wani dillalin wake ya ja ni gefe, muka shiga ciniki, na manta. 'Yan dako kuwa ba su san zare ba, jifa suke yi daga saman mota kamar yadda suka saba. Kun san yadda ake sayen gari, mai saye yana da ɗan ƙarfe mai rami da yake soka wa buhu ya zaro kaɗan ya ɗanɗana. Wani mutumin Dauran, tsohon abokin cinikina, ya bi layin buhunan yana soka yana taunawa. Ya zo kan wannan ya soka, garin ya fito jiƙe, ja kamar an yanka kaza a kai. Ya kai hanci. Ya jefar da ƙarfen.

"Subhanallahi! Jama'a, mi ag ga buhun ga?"

Kafin in iso an farke shi da wuƙa. Kwalabe biyu sun fashe, sauran suna kwance cikin gari, wari ya tashi. Ban san kasuwa na iya taruwa wuri ɗaya da sauri haka ba. Masu sa ido suka zo, wasu na cewa a ƙone motar. Sarkin kasuwa, dattijo mai hankali, ya ɗaga sanda aka ɗan yi shiru. Matiyu ya dawo da mai faci a bayansa, ya ga abin da ke ƙasa, ya tsaya.

"Kayan coci ne," ya ce. "Na ibada. Ni na ɗauko."

"Ina takarda?" in ji sarkin kasuwa.

Babu takarda.

"In na ibada ne, don mi anka ɓoye shi cikin abincin Musulmi?"

Sarkin kasuwa ya juyo gare ni.

"Alhaji, motarka ta. Ka san da wanga abu?"

Ina so ku san ban ruɗe ba. Mutane kan ce tsoro ya sa ban san abin da na faɗa ba. Ni na sani. A tsaye a wurin na auna komai kamar yadda nake auna kaya. In na ce na sani, ni Musulmi ne, za a kwantar da ni gaban kotu a tsula mini bulala, 'ya'yana su ji a makaranta, motar ma ba lalle ta kai yamma ba. Shi kuwa Kirista ne, bulala ba ta hau kansa, Fada zai fito da shi. Na ga cinikin ya yi. Na ce wallahi ban sani ba.

Da na tsaya nan, da wataƙila abin ya zo da sauƙi. Amma wani mai sayar da albasa, mutumin Ƙaura, ya ɗaga murya ya ce shi ya san direban nan, ba ya sha, ko goro ba ya ci, a bincika dai. Na ga idanu sun fara dawowa kaina. Sai na ce:

"Ba ya sha? Ku tambayi mutanen Banga wa ya zuba mini gishiri a rafi. Mashayi ne tun fil azal. Ni na yi zaton ya daina."

Matiyu ya dube ni. Bai yi fushi ba, kallon mutum ne da aka gaya masa rasuwa. Wani ya tambaye shi ko maigidansa ya sani, ya ce:

"Ai kun tambaye shi."

Daga nan ban ga wanda ya fara kai hannu ba. Kafin 'yan sanda su ƙwace shi an fasa masa baki, kunnensa na hagu na zubar da jini. Da wannan kunnen bai ƙara ji ba. Ni kuwa aka riƙa ba ni haƙuri. Mutumin Dauran har ya riƙe hannuna yana cewa Allah ya kiyaye gaba, haka amana ta zama a zamanin ga.

Lissafina ya fita daidai ta fuska ɗaya. Fada ya je da takardunsa, aka tabbatar kayan coci ne, bayan kwana biyu aka saki Matiyu, ba a kai shi kotu ba. Abin da ban sa a ma'auni ba shi ne maganata. Ta riga motar isowa Ƙaura. 'Yan kasuwa suka ce in ina son a ci gaba da sayen garina sai na kore shi, na kore shi. Ba mai mota da ya yarda ya ba shi makulli daga Ƙaura har Zurmi. A cocinsu ma, duk da Fada ya tsaya ya ce shi ya aike shi, wasu suka riƙa raɗa cewa in ba da wata manufa ba me ya sa ya ɓoye, wa ya san kwalba nawa ya ƙara don kansa. Matarsa Tereza, wadda ta sha wuyarsa a shekarun burkutu, sai da ta fara shinshina bakinsa in ya shigo gida.

Fada ya zo shagona ranar Talata da la'asar. Na ba shi kujera, ya ƙi zama.

"Ban zo tona maka asiri ba, Alhaji. Matiyu ya roƙe ni kada in yi, ya ce 'ya'yanka a hannunsa suka girma. Ni ma ina da nawa laifin, da na bar ka ka ɗauka ba takarda. Abu ɗaya nake roƙo. Ba sai ka ce ka sani ba. Ka ce dai maganar da ka yi a kansa ta ɓacin rai ce, shekara goma sha ɗaya ba ka ga ya sha ba. Wannan kaɗai."

Na ce ya bari ƙura ta lafa.

"Mutumin nan da igiya ɗaya yake rataye," in ji shi. "Ba tsoron wuta ya riƙe shi ba. In ya wuce a ce ga Matiyu da ya daina, shi ke riƙe da shi. Ka tsinke ta."

Na ce in sha Allahu zan duba. Na san in na wanke shi, tambaya ta gaba ita ce to wa ya sa a ɓoye. Ban duba ba.

A gida uwarku ta yi wata guda ba ta ce mini komai ba sai ga abinci, ga ruwa. Kullum tana aika wa Tereza da tuwo ta ƙofar baya. Ranar da na gaji na ce mata ai don ku na yi, don kada a nuna ku a ce ga 'ya'yan wanda aka yi wa bulala, ta aje kwanon da ke hannunta.

"Kak ka sa sunan ɗiyana cikin wanga. Don rawaninka ka yi."

Har ta rasu ba ta ƙara tayar da maganar ba, ni ma ban ƙara ba.

Matiyu ya yi wata biyar yana riƙe da kansa. Ya yi dako, ya yi faci, ya tura baro. Na aika a gaya masa na samo masa mota wurin wani abokina a Funtuwa, ya ce a gode mini, bai je ba. Daga baya na ji an fara ganinsa a Gusau, wajen kasuwar barikin soja, inda dokar ba ta shiga. Ban yarda ba sai ranar da ya zo da kansa. Da azahar ce, shago cike. Ya tsaya bakin ƙofa yana layi, rigarsa a buɗe, warin ya riga shi shigowa. Mutane suka dare. Ya karkato kunnensa mai ji, ya yi mini murmushi da bakin da ba haƙoran gaba.

"Maigida, ina wuni. Na zo in sauke maka nauyi ne. Ka ga yanzu ba ka yi ƙarya ba."

Ya juya ya tafi. Wani daga cikin masu saye ya ce, "Ka gani, Alhaji? Allah ya raba ka da shi lafiya." Na ce amin.

Fada bai sake shi ba. Ya gaya mini daga baya cewa a wurinsu wanda ya karya alkawarin ba a rufe masa ƙofa, zai furta laifinsa ya sake ɗauka. Sau biyu Matiyu yana sake durƙusawa, sau biyu yana faɗuwa. Kafin damina ta zagayo Tereza ta kwashe yara da shi suka koma garinsu. Ba su yi mini sallama ba. Bayan shekara biyu saƙo ya zo wa Fada cewa ciwon hanta ya kashe shi. Fada ya aiko a gaya mini, bai zo da kansa ba, kuma tun daga ranar a wani shago yake sayen sukari har aka mayar da shi gida Filato.

Na riƙe abin shekaru masu yawa. Bayan rasuwar uwarku na ga ba wanda ya rage a Ƙaura da ya san gaskiya sai ni, ga ƙafa ta fara ciwo. Wata Alhamis na sa aka kai ni Shinkafi tare da kaya. Na tsaya daidai inda aka farke buhun, yanzu rumfar masu waya ce a gefen. Sarkin kasuwa na da ya rasu, ɗansa ke riƙe da sandar. Na ce ya tara mini mutane ina da magana. Aka taru kamar mutum ashirin, ana zaton farashi zan karya. Na faɗi komai, zaren da kwanar coci da rantsuwar da na yi. Na ce Matiyu bai ci amanata ba, bai sha ba, ni na sa shi, ni na yi masa ƙazafi, duk hukuncin da ya hau kaina a yi mini.

Na duba fuskokin, ban ga ko ɗaya da ta tsaya a wurin ranar ba. Ɗan sarkin kasuwa ya sosa ƙeya.

"Allah shi gafarta muna baki ɗaya, Baba. Amma wane Matiyu?"

Na buɗe baki in yi bayani, sai wani daga baya ya ce rana na yi, a bar Baba ya zauna. Aka kawo mini benci da ruwan sanyi. Mutane suka fara watsewa. Wani saurayi mai ƙarfen soka buhu a hannu ya matso ya durƙusa, da ladabinsa.

"Baba, garin ga na sayarwa ne?"

Na ce na sayarwa ne. Ya soka, ya ɗanɗana, muka yi ciniki.